Tasha a Ƙofar Suruka

Ranar da Dalhatu ya fito daga sakateriyar ƙaramar hukuma da lasin a hannunsa, har mai gadin ƙofa sai da ya sha gaisuwar da bai taɓa sha ba. Ya gaida mai shayi, ya gaida mai wankin takalmi, ya gaida wani bawan Allah da ya zo neman takardar haihuwa, wanda bai san shi ba bai san garinsu ba. Bakinsa har kunne. A waje 'yan kabu-kabun layin Burkusuma na jiransa bisa mashinansu, da suka hango takardar cikin leda sai suka danna hon gaba ɗaya, tantabarun da ke kan rufi suka watse.

Wanda bai san wuyar da mutanen nan suka sha a Sabon Birni ba zai ce ai takarda ce kawai. Su ne ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen da mota ba ta shiga. Su ne ke aza buhun gero da akuya da mai akuyar a kan mashin ɗaya, su ratsa yashi da laka, su sauke kowa lafiya. Amma a cikin gari ba su da taku ɗaya da za su kafe mashin su ce nan namu ne. Sun tsaya bakin kasuwa, 'yan tireda suka ce sun tare musu ciniki. Sun koma gaban kemis, mai kemis ya ce hayaƙi na ɓata masa magani. Daga ƙarshe aka tura su can bayan gari, inda babu inuwa babu ruwa, inda fasinja ba ya son tsayawa a wannan zamani da hanya ba ta da tabbas. Magidanta ne masu iyali, amma kora ake yi musu kamar kaji sun shiga shanya.

Sai ƙaramar hukuma ta fito da sabon tsari. Duk mai sana'ar da ke ajiye abin hawa a bakin babban titi kusa da gidajen mutane, mota ce ko mashin ko amalanke, sai ya nemi lasin. Za a shata masa wuri da fenti, a sa sunan mutum ɗaya wanda zai riƙa zama a wurin yana ɗaukar laifin kowa. Sharaɗi ɗaya ne mai nauyi: in mai gidan da ƙofarsa ke kallon wurin ya ce an takura masa, lasin ya tashi.

Dalhatu shi ne ciyaman ɗinsu. Ƙato ne baƙi, da zanen Gobirawa a kumatu, ga murya wadda in ya kira Burkusuma a bakin kasuwa sai mai awo da ke can tsakiya ta waiwayo. Don muryar nan da kuma rashin son kai wajen rabon layi aka zaɓe shi. Shi ya yi ta safa da marwa tsakanin bayan gari da sakateriya tun ana shukar gero har aka kai shi rumbu. Saboda haka ranar nan ranarsa ce, babu mai jayayya.

Wani matashin ma'aikaci, Malam Hafizullahi, shi aka ba aikin nuna musu wurin. Ya hau bayan mashin ɗin Illo da bokitin fenti a cinya, suka shige gaba, sauran suka bi su a jere kamar masu rakiyar amarya. Illo taubashin Dalhatu ne, ɗan ƙanen uwarsa, don haka yana da izinin tsokanarsa tun daga haihuwa, kuma bai taɓa barin izinin nan ya yi ƙura ba.

Da ayarin ya karya kwana ya nufi Shiyar Marina, sai hannun Dalhatu ya fara sanyi a kan totur. Da suka matso wata babbar dogonyaro, sai ya kashe mashin ɗin tun daga nesa, ya sauka yana turawa.

"Lahiya, Ciyaman?" in ji Illo. "Ko mai ya ƙare ma ranar sarauta?"

Dalhatu ya ci gaba da turawa. Yana ta addu'a a zuci Allah ya sa su wuce. Ba su wuce ba. Hafizullahi ya sauka daidai gindin bishiyar, ya ajiye bokiti, ya nuna da hannu.

"Nan na wurinku, Ciyaman. Daga iccen ga hal bakin kwalbati. Ga inuwa, ga titi, ga masallaci kusa. Kun yi sa'a."

Sun yi sa'a kam. Sai dai zauren ƙasar da ke kallon bishiyar, mai ƙyauren kwano shuɗi, zauren marigayi Malam Lawwali marini ne, uban Sadiƙa matar Dalhatu. Kuma a cikin gidan nan uwarta, Inna Fadima, ke zaune da ranta da lafiyarta.

Illo ya dubi zauren, ya dubi taubashinsa, sai ya kifa kai a kan tankin mashin, kafaɗunsa na rawa.

"Ranka shi daɗe," Dalhatu ya ce wa Hafizullahi a hankali, "babu wani wuri?"

"Babu. Sauran duk an bayas. Akwai matsala na?"

Ta ina mutum zai fara? A ƙasar Gobir kunyar suruka ba abin wasa ba ce. Namiji ba ya cin abinci inda za ta gan shi, ba ya ɗaga murya inda za ta ji shi, ba ya wuce ƙofarta da takalmi a ƙafa, balle a kan mashin. In tsautsayi ya haɗa su a hanya, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ita kuma ta kau da kai ta amsa gaisuwa ƙasa-ƙasa, kowa ya yi ta kansa. Inna Fadima kuwa 'yar Fulanin Tozai ce, kunyarta ta ninka ta kowa. Sadiƙa 'yar farinta ce, ko sunanta ba ta kira, balle na mijinta. Tun da aka ɗaura auren nan Dalhatu ke zagaye ta bayan makaranta duk lokacin da aiki ya biyo da shi shiyar, ya gwammace ƙona mai da ya gifta ƙofar nan a guje.

Ya dubi mutanensa. Har sun fara jera mashina a inuwa, wani na shafa jikin bishiyar kamar ya ga ɗan'uwa.

"Babu matsala," ya ce. Ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, ya riƙe a hannu, Hafizullahi ya fara shafa fenti.

Haka aka buɗe tashar Burkusuma, kuma tun da aka kafa garin ba a taɓa ganin tasha irinta ba. Ciyaman ba ya zama a benci, can ƙarshen fenti yake tsugunawa, bakin kwalbati, ya ba zauren gefe, ƙafa ba takalmi. In yunwa ta ci shi ya sulale bayan shagon mai faci ya ci tuwonsa a tsaye kamar wanda ya sato. Kiran fasinja ya bar wa Illo. Dokoki kuwa ya kafa su da raɗa: ba a tada mashin a gaban zaure, sai an tura shi zuwa kwalbati, ba rediyo, ba ashar, ba fitsari jikin katanga, kowace safiya masu layin farko su share wurin su yayyafa ruwa.

Wata rana samari biyu suka kaure da faɗa a kan wanda zai ɗauki wata mata mai buhun albasa. Har an ci kwalar riga. Kowa ya ja baya yana jiran tsawar Dalhatu, wadda a da ita kaɗai ke raba irin wannan. Sai ga ƙaton nan ya taho a kan yatsun ƙafa, idanu jajir, ya kama kunnen kowannensu ya jawo bakinsa, ya ce cikin raɗa, "In kunka sake, wallahi sai na ɓalla ku." Samarin suka dubi juna, suka fashe da dariya, faɗa ya mutu. Matar ma dariya take har ta hau.

Abin mamaki, tashar ta yi albarka. Mutanen Shiyar Marina ba su taɓa ganin 'yan kabu-kabu masu ladabi haka ba, su kansu 'yan kabu-kabun ba su san suna da shi ba. Mata suka daina tsoron zuwa neman mashin. Mai ƙosai ta kafa kaskonta kusa. Fasinjan Tsamaye ma, wanda ba layinsu ba ne, sai ya zo nan ya tambayi hanya. Magidantan da a da suke komawa gida da ƙura kawai a aljihu suka fara shiga da cefane. Dalhatu na ganin haka daga bakin kwalbatinsa, zuciyarsa ta cika fal, ko da yake wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Abu ɗaya ne ke cin ransa. Tun ranar da aka shafa fenti, ƙyauren shuɗin nan bai buɗe ba. Sadiƙa ce ta kawo masa dalili.

"Inna ta sa an hwasa katanga ta baya," ta ce tana tankaɗe, ba ta dube shi ba. "Ta lungu taka hita yanzu."

Dalhatu ya san lungun. Matsattse ne, nan maƙwabta ke ɗaure awaki, nan ruwan wanke-wanke ke bi. Tsohuwa mai daraja, wadda ko hakimi ya gan ta sai ya rage tafiya, ita ce ke tattare zani tana tsallake kwata don kada ta fito ta tarar da mijin 'yarta. Ranar tuwon bai shiga ba.

To, akwai wani Alhaji Ubaidullahi, dillalin hatsi, wanda sitonsa ke bayan masallaci. Ba mugun mutum ba ne, amma idonsa idon ɗan kasuwa ne, kuma ya daɗe yana kallon inuwar nan yana auna yadda motocinsa za su yi lodi a cikinta. Shi ya je sakateriya ya ce an raba tsohuwa da ƙofar gidanta. Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba.

Hafizullahi ya zo tasha da kansa, ya tsuguna kusa da Dalhatu a bakin kwalbati, don zuwa lokacin ya gane inda matsalar take.

"Ciyaman, ƙara ta shigo, ba ni iya danne ta. Ranar Alhamis da hantsi za mu zo da mai unguwa da wanda yak kai ƙarar. Za a kira mai gidan a tambaye ta gaban shaidu, ta yarda da zamanku ko ba ta yarda ba. Abin da tac ce shi za a yi."

"Sai ta hito?"

"Sai an ji daga bakinta. Haka tsarin yake."

Da la'asar Dalhatu ya koma gida ya zauna a kan turmi. Ya daɗe yana juya hularsa kafin ya ce wa Sadiƙa ko za ta leƙa gida ta ji bakin Inna.

"Ni?" Ta ajiye muciya. "Ni da ko sunana ba ta kira? Maigida, kamar ba ka san Inna ba."

Duk da haka ta yafa mayafi ta tafi. Ta dawo da ƙullin kuka da daddawa. Inna ta tambayi tarin jikarta, ta yi zancen tsadar dusa, da Sadiƙa ta fara kewaye-kewaye tana nufar maganar tasha sai tsohuwa ta miƙe ta ce bari ta duba awakinta. Iyakar abin da aka samo ke nan.

Ranar Laraba da yamma, bayan mashin na ƙarshe ya dawo, Dalhatu ya tara mutanensa a bakin kwalbati. Suka matso sosai don sun saba sai an kasa kunne.

"Ni nis sha wuyar takardar ga, kun sani," ya ce. "Kuma na san abin da taka ciyarwa. Amma gobe da sahe za ni mai da ta sakateriya tun mutanen hukuma ba su taso ba."

Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Ciyaman, ba mu ji da kyau ba."

"Kun jiya. Ba a tsai da uwar matata gaban maza a ce ta hwaɗi ko tana son zamana ƙohwatta. In ta ce i, gari shi ɗauka tsohuwa ta zub da kunya don mijin ɗiyatta. In ta ce a'a, ta kwana da haƙƙin ɗiyanku bisa kai. Ba ni aza mata wanga kaya. Ku zaɓi wani ciyaman, ku yahe mini."

Illo, wanda bai taɓa yin magana ba tare da dariya a gefen baki ba, ya miƙe tsaye. Ya manta da doka, ya manta da inda yake.

"Don kunyar sarakkuwa za ka mai da mu bayan gari? Dalhatu, ka san abin da ad bayan gari! Mun ci rana, mun ci ƙura, mun samu inuwa, kai kuma ka ce ka hwasa? To ai ba kai ɗai ad da ciki ba!"

Muryarsa ta daki katanga ta dawo. Kowa ya waiwaya ya dubi ƙyauren shuɗi. Illo ya kama bakinsa, amma magana ta riga ta fita.

Dalhatu bai yi fushi ba. Ya ce, "Gaskiyakka, ɗan kawu. Amma na gama magana." Ya ɗauki takalmansa ya tura mashin ɗinsa ya tafi. Wasu suka bi shi da tsaki, wasu da harara, amma ko a cikin masu tsakin babu wanda a ransa bai san cewa da shi ne a wurin, da abin da zai so ya iya yi ke nan ba. Irin wannan mutum shi ake kira ɗan halak, ko da ya jawo maka asara.

Alhamis da safe ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zura lasin cikin aljihun gaba. Ya yi niyyar wucewa sakateriya kai tsaye, sai ya ga bai kyautu ya tafi bai yi sallama da mutanensa ba. Ya biyo ta tasha a ƙasa.

Tun daga nesa ya ga abin da bai gane ba. Jakuna biyu na tsaye gindin dogonyaro, an sauke tubali a ƙofar zaure, ga ƙasa an kwaɓa, ga 'yan kabu-kabu sun yi cirko-cirko babu mai neman fasinja. Ƙyauren shuɗi a buɗe yake wangalau. Ya ce a ransa shi ke nan, maganar Illo ta shiga, tsohuwa za ta toshe ƙofarta gaba ɗaya, gari ya shaida cewa surukinta ya kore ta daga titi.

Ya tuɓe takalmi, ya matso a rakuɓe, ya leƙa. Malami magini ne a ciki, laka har gwiwar hannu. Amma ba ƙofar waje yake toshewa ba. Ƙofar ciki ce, wadda ke shiga tsakar gida daga zauren. Gini ya riga ya kai ƙirji, saura 'yar taga a sama.

"Malami, mi kaka yi haka?" ya tambaya cikin raɗa.

"Abin da anka sa ni. Tun jiya da magariba tay yi aike, ta ce in zo da asuba da tubali."

Kafin Dalhatu ya tattara hankalinsa, sai ga Hafizullahi da mai unguwa da Alhaji Ubaidullahi sun iso, sun riga lokacinsu. Damar mai da takarda ta wuce. Ya ja gefe ya durƙusa a bakin zaure, kansa a ƙasa.

Mai unguwa tsoho ne, abokin marigayi Malam Lawwali tun suna samari. Ya shiga zauren yana dogara sanda, ya dubi ginin, ya dubi magini, sannan ya yi sallama ta 'yar tagar da ta rage. Aka amsa daga ciki, murya siririya amma ba ta rawa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi awaki. Sannan Hafizullahi ya matso ya rage tsawo.

"Inna, daga ƙaramar hukuma na. An ce masu mashin sun takura miki, sun hana ki ƙohwar gidanki. Mun zo mu ji daga bakinki."

"Ƙohwar gidana tana ga lungu, ɗana," in ji Inna Fadima. "Mai son magana da ni shi zagayo ta can. Babu mashin ko guda gare ta."

"To wanga zaure hwa, Inna?"

"Wanga ba gidana na ba yanzu. Ɗaki na mai kallon titi. Na ba masu mashin, su aje kayansu, su samu wurin sallah in ana ruwa. In akwai tambaya, a tambayi wanda ad da sunan ga takarda."

Ba ta ce ta yarda da zamansa ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Ba ta fito ba, ba ta kira sunan kowa ba. Ta dai ɗauke gidanta ta juya masa baya, ta bar wa surukinta titi da inuwa da ɗaki a kai.

Alhaji Ubaidullahi ya gyara babbar riga. "Haba Inna! Zauren Malam Lawwali hwa? Shi yag gina shi da hannunai. Nan yaka zama, nan yaka karɓar baƙi. A ba 'yan kabu-kabu?"

"Na san wanda yag gina shi, Alhaji. Ni niɗ ɗebo ruwan ginin."

"Yaran sun sani?" in ji mai unguwa.

"Sun sani. Na aika masu can garin Isa tun jiya, sun ce abin da niy yi ya yi."

Hafizullahi ya juyo wajen ƙaton da ke durƙushe a bakin ƙofa. Da ƙyar ya danne murmushi.

"To, tsari ya ce a tambayi mai ƙohwar da ka kallon wurin. Ciyaman, ga alama kai na. Masu mashin sun takura maka?"

Wani daga waje ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Dalhatu ya kasa ɗaga kai, ya girgiza shi kawai. Alhaji Ubaidullahi ya tafa hannu, ya ce, "Tsohuwar ga ta hi ni iya ciniki. Na janye." Shi ma dariyar yake, don mutum ne da ya san inda aka kayar da shi.

Mai unguwa kaɗai bai yi dariya ba. Yana tsaye ya dafa sabon ginin, yana kallon dakalin da abokinsa ke zama a kai. Da hayaniya ta lafa sai ya matsa bakin tagar, ya yi magana a hankali, amma zaure ba ya ɓoye magana, kowa ya ji.

"Fadima, kin yi tunani kuwa? Lawwali ta ƙohwar ga anka hid da shi, ni nir riƙa mai makara. Ranar da taki taz zo, ta lungun awaki za a bi da ke? Makara ba ta juyawa can."

Dariya ta ɗauke. Har jakunan kamar sun daina motsi.

"Masu ɗaukata ga su nan tsaye bayanka," in ji Inna Fadima. "Kullum da kaya suka ratsa hanyar Burkusuma, rani da damina, ban ji sun yas da kowa ba. Lungu ba shi gagarassu."

Mutanen da aka kora daga bakin kasuwa, aka kora daga gaban kemis, aka tura bayan gari, yau tsohuwa mafi kunya a Shiyar Marina ta ba su amanar gawarta a gaban mai unguwa da ma'aikacin hukuma. Dattijon cikinsu ya cire hularsa. Illo ya juya baya yana goge ido da gefen rawani, yana cewa ƙasa ce ta faɗa masa.

Dalhatu ya ja gwiwa ya shiga zauren, har gindin sabon ginin. Tun da ya auri Sadiƙa bai taɓa fara yi wa matar nan magana ba in ba gaisuwa ba. Ya buɗe baki ya ce:

"Inna, Allah shi ja da ranki. In ranar ta zo ina da rai, ni ka riƙon gaba."

Ba ta amsa masa ba, kuma da ta amsa da ba ita ba ce. Abin da aka ji kawai shi ne, "Malami, ƙarasa aikinka, ƙasa na bushewa."

Malami ya sunkuya ya ɗauki tubali. Dalhatu ya miƙe, ya zaro lasin ya miƙa wa Illo, ya tuɓe farar rigarsa ya rataya a ƙyaure, ya karɓe tubalin daga hannun magini. Shi ya ɗora sauran da kansa, ɗaya bayan ɗaya, yana cusa laka a tsakani yana dannawa da tafin hannu, har tagar ta rufe. Hannayensa duk laka, bai samu abin share fuska ba, bai kuma damu da wanda ya gani ba.